Ku Tambayi Likita: Ƙwayoyin cuta, garkuwar jiki da toshewar jijiyoyin jini

Wasiƙun wannan fitowa daga Yamai da Tawa suka zo, kuma likitocin zuciya da na haƙori da ke aiki da wannan fili ne suka haɗu suka amsa su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a makarantar koyon aikin jinya a nan Yamai. An koya mana cewa kitse da hawan jini da taba ne ke toshe jijiyoyin jini. Sai kuma na ji wani malami yana cewa garkuwar jiki da kanta tana iya cin jijiya saboda furotin ɗin bakteriya. Yaya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da aka koya maka daidai ne, kuma maganar malamin tana da tushe. Duk abu ɗaya suke bayani, kowa ta ɓangarensa.

Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ce ko ta bakteriya, tana da wasu furotin da take ƙara ƙerawa idan ta shiga wahala, kamar zafi ko guba ko ƙarancin iska. Aikinsu su taimaki sauran furotin su naɗe yadda ya kamata, kada su lalace. Wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, shi ya fara ganin alamar haka a jikin ƙananan ƙudaje a 1962. A takardun likita za ka ga an rubuta su HSP da lamba a gaba, lambar tana nuna nauyi. Wanda ya shafe mu shi ne HSP60 na mutum. Ƙwayar tarin fuka tana da nata, HSP65. Klamidiya, wata bakteriya da ke kama huhu, tana da nata, haka bakteriyar gyambon ciki da ta ciwon dasashi. Idan aka jera sassan da aka gina na mutum da su kusa da na bakteriya, wajen rabi iri ɗaya ne.

To, duk wanda ya rayu ya sha gamuwa da bakteriya, don haka kusan kowa yana da antikor, wato furotin da garkuwa ke ƙerawa don su manne wa ƙwayar cuta, da fararen ƙwayoyin jini nau'in T da suka san HSP na bakteriya. Wannan kariya ce mai amfani. Muddin jijiya tana lafiya babu matsala, domin HSP60 ɗinmu a can cikin ƙwayar halitta yake zaune, garkuwa ba ta ganinsa. Abin yana canjawa ne idan shimfiɗar cikin jijiya, wadda kaurinta ƙwayar halitta ɗaya ne tak, ta wahala da hawan jini, hayaƙin taba, sukari mai yawa ko kolestarol LDL, wato nau'in kitsen jini mai taruwa a jijiya, da ya lalace. A lokacin sai ta fito da HSP60 a samanta, tare da wasu furotin masu danƙo da ke riƙe fararen ƙwayoyin jini. Mai gadin da ya haddace fuskar ɓarawo, ranar da ɗan gida mai kama da shi ya fito da tsakar dare, kulki zai sha kafin a yi bayani. Kama da wane ba wane ba ne, amma garkuwa ba ta tsayawa tambaya.

Daga nan abin yana bin mataki. Ƙwayoyin T suna cikin na farkon shiga bangon jijiya. Antikor suna manne wa shimfiɗar da ta wahala, kuma a ɗakin gwaji an ga suna kashe irin waɗannan ƙwayoyin halitta. Shimfiɗa ta yi rauni, LDL ya ƙara samun hanya ya taru a ƙarƙashinta. Wasu fararen ƙwayoyi masu haɗiye datti, makrofaj, su biyo su yi ta haɗiyar kitsen har su cika su mutu a wurin. Naman bangon jijiya ya saƙa marufi a kan tarin. Shekaru suna wucewa mutum bai ji komai ba. Haɗarin yana zuwa ne ranar da kumburi ya cinye marufin ya fashe: jini ya daskare a kai cikin mintoci, hanya ta rufe. Idan a zuciya ne, bugun zuciya. Idan a jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Ka lura ba girman tarin kaɗai ake tsoro ba. Tarin da bai rufe rabin hanya ba yana iya fashewa idan marufinsa siriri ne.

Wanda ya fi kowa bin wannan magana shi ne Georg Wick da abokan aikinsa a Insburuk ta ƙasar Ostiriya. A 1992 sun yi wa zomaye masu lafiyayyen kolestarol allurar HSP65, sai tabo ya fito a jijiyoyinsu a daidai wuraren da ake ganinsa a mutane, wato inda jijiya ta rabu biyu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne na baya: zomayen da aka bari a kan abincinsu na kullum, tabon ya baje da kansa, waɗanda aka ɗura wa abinci mai kolestarol, tabon ya zauna. A wajen mutane kuma, a garin Brunek na arewacin Italiya, an auna jinin wajen mutum 900 masu shekara 40 zuwa 79, aka tarar masu yawan antikor na HSP65 sun fi samun tabo a jijiyar wuya. An buga wannan a 1993.

A ganinmu ga inda magana ta tsaya. A dabbobi hujjar tana da ƙarfi. A mutane alaƙa aka gani, kuma har yau ba a fitar da magani ko rigakafi daga wannan hanya ba. Idan aka tambaye ka a jarrabawa abin da ke toshe jijiya, ka fara da LDL da hawan jini da taba da sukari, domin su ne ke sa jijiya ta fito da abin da garkuwa za ta far wa, su ne kuma muke da maganinsu a hannu.

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 67, ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, yanzu da sauƙi. Dasashinsa yana jini ko asuwaki ya yi, haƙora biyu suna girgiza, bakin yana wari. Wani ya ce mini ciwon haƙorin ne ya jawo masa. Gaskiya ne? Me za mu yi? Daga wani ɗan kasuwa a Tawa.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Ba za a ce haƙori ne ya jawo masa ba. A yankinmu babban mai laifi hawan jini ne: wani babban bincike da aka yi a Gana da Najeriya, wanda ya fito a 2018, ya ɗora wajen kashi 90 cikin ɗari na shanyewar jiki a kansa. Amma bakin da ka siffanta ba abin bari ba ne, kuma yana da hanyar da yake taɓa jijiya.

Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan rami. A lafiyayyen baki zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. Idan dattin haƙori ya kwana yana taruwa, cikin ƴan kwanaki zai fara ƙanƙarewa ya zama dutse, wanda buroshi ba ya cirewa. Bakteriyar da ba ta son iska, musamman wadda ake kira P. gingivalis, ta zauna a ƙarƙashinsa, ramin ya zurfafa zuwa milimita 5, 6 ko fiye, ƙashin da ke riƙe haƙori ya fara narkewa. Girgizar ke nan. Cikin ramukan gyambo ne buɗaɗɗe, idan aka haɗa faɗinsa a baki mai tsananin ciwo yana kai murabba'in santimita 8 zuwa 20. Duk taunar goro ko kilishi, bakteriya da gubarta suna ɗan shiga jini. An sha samun alamar wannan bakteriya a cikin tarin kitsen da aka ciro daga jijiyar wuya, kuma ita ma tana da nata furotin mai kama da HSP60.

Tun 1989 likitoci a Finlan suka lura masu bugun zuciya sun fi lalacewar haƙora. Sai dai taba da ciwon sukari da talauci suna kawo duka biyun, shi ya sa rabe su ke da wuya. Gwajin da ya fi burge mu shi ne wanda aka yi a Landan da mutum 120 masu tsananin ciwon dasashi, ya fito a 2007. Waɗanda aka kankare wa dutsen haƙori har can ƙarƙashin dasashi, kwana ɗaya bayan aikin jijiyar hannunsu ta rage buɗewa, alamun kumburi suka hau. Bayan wata shida kuwa ta fi ta sauran buɗewa. Wannan ya nuna baki yana taɓa jijiya, amma bai kai ga nuna cewa kankare haƙora yana hana shanyewar jiki ba.

Ga abin yi. Ku kai shi wurin likitan haƙori ya auna zurfin ramukan, ya kankare dutsen sama da na ƙarƙashin dasashi, yawanci a zama biyu zuwa huɗu. Saboda wancan tashin kumburi na kwana ɗaya, likitan da ke bin ciwonsa ne zai ce lokaci ya yi, kuma a auna tansiyo, wato hawan jini, kafin a fara. Idan yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, kada ku tsayar da kanku don tsoron zubar jini; a kankara ba a cika tsayar da shi ba, auduga da dannawa sun isa. Ku tafi da dukan kwalayen magungunansa, domin amlodipin da nifedipin na hawan jini suna kumbura dasashin wasu mutane, kuma ana iya canja su. A auna masa sukari: ciwon sukari yana lalata dasashi, dasashin da ya ruɓe kuma yana hana sukari sauka.

A gida, buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, minti biyu, safe da kafin barci. A karkata gashin buroshin ya kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa ƴan gajerun motsi, ba dirza ba. Jini zai fito a makon farko. Nan ne mutane ke kuskure, su daina taɓa wurin, alhali wurin da ke jini shi ya fi bukatar gogewa. Cikin mako biyu jinin yana raguwa. Idan hannun da ya shanye ne na cin abincinsa, a naɗa wa mariƙin buroshin tsumma ya yi kauri, ko wani ya goge masa, a kuma duba kuncin ɓangaren da ya shanye domin abinci yana maƙalewa a can bai sani ba. Asuwaki yana da kyau idan ana yanke bakinsa kullum, sai dai ba ya kaiwa bayan turame da tsakanin haƙora. Gawayi da toka suna cinye fatar haƙori. Ruwan kurkure baki na kulorheksidin kada ya wuce mako biyu, yana rina haƙora. Shayin nan mai zagaye uku da sukari, a rage sukarin, a kurkure baki da ruwa bayansa.

Ga ƴan gidan masu shan taba kuma: hayaƙi yana matse ƙananan jijiyoyin dasashi, sai ya ƙi jini ko da ya ruɓe. Rashin jini a bakin mashayi ba shaidar lafiya ba ce.

Tambaya: Idan har bakteriya na da hannu, me zai hana mutum ya riƙa shan antibiyotik lokaci lokaci don wanke jijiyoyinsa? Na ga ana raba wa yara azitromisin a ƙauyuka an ce yana rage mutuwa. Daga wani direba a Harobanda, Yamai.

Amsa: Malam, likitoci sun riga ka wannan tunani, sun gwada, bai yi ba.

A 1988 aka fara ganin alaƙa tsakanin klamidiyar huhu da ciwon zuciya, bayan ƴan shekaru aka same ta a cikin tarin kitsen jijiya. Zato ya yi ƙarfi ƙwarai, domin a daidai lokacin ne aka gane bakteriya ce ke kawo gyambon ciki, antibiyotik kuma yana warkar da shi. Sai aka shirya manyan gwaje-gwaje. A ɗaya, wanda ya fito a 2003, an sa mutum sama da 7,700 da suka taɓa bugun zuciya, rabi suka sha azitromisin na wata uku. A wani na 2005, mutum wajen 4,000, rabi suka sha shi kowane mako har shekara guda. Babu wanda ya rage bugun zuciya ko mutuwa. A Danmak ma abin ya fi muni: cikin mutum sama da 4,300 masu ciwon jijiyar zuciya, waɗanda suka sha klaritromisin na mako biyu kacal sun fi mutuwa a shekarun da suka biyo baya, har hukumar magunguna ta Amurka ta ja kunnen likitoci a kansa a 2018.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne idan ka bi amsar farko. Antibiyotik yana kashe bakteriya mai rai, ba ya goge abin da garkuwa ta haddace tun yarinta. Mutumin da ya kai shekara 60 da tarin kitse a jijiya, abin da ke hura kumburin yanzu kitsen ne da furotin ɗin jikinsa. Klamidiya kuma tana iya lafewa cikin ƙwayoyin halitta a yanayin da magani ba ya kama ta. Ga shi azitromisin da klaritromisin suna iya rikita bugawar zuciya ga mai rauninta.

Rabon da ka gani wani abu ne daban. Gwajin da aka yi a yankin Dosso, wanda ya fito a 2018, ya nuna raguwar mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da wajen kashi 18 cikin ɗari. Cututtukan yara masu kisa nan take, irin su zawo da ciwon huhu, ake tarewa a can. Ba ruwansa da jijiyar babba.

Abin da ya ɗan yi aiki shi ne rage kumburin kansa. A 2017 wata allura mai suna kanakinumab ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki da wajen kashi 15 cikin ɗari a gwajin mutum 10,061, ba tare da ta taɓa kolestarol ba, amma mutuwa ta hanyar cututtuka masu yaɗuwa ta ƙaru, tsadarta kuma ba a magana. Kolshisin, tsohon maganin ciwon gaɓa, miligiram 0.5 a rana, ya nuna amfani a gwaje-gwaje biyu na 2019 da 2020, wani babba na 2024 kuma bai nuna ba. Likitan zuciya ne ke yanke wa wanda ya dace. Ba a ba mai ciwon ƙoda, haɗa shi da klaritromisin kuma yana iya kisa. Kada ka ji an ce kumburi ka nufi mai tallar magani ka sayi diklofenak ko ibuprofen. Waɗannan ƙara haɗarin bugun zuciya suke yi, su tayar da tansiyo, su ci ƙoda. Direbobi masu haɗiyarsu kullum saboda ciwon baya su ji wannan da kyau.

Tambaya: Na karanta cewa allurar BCG daga dangin ƙwayar tarin fuka aka yi ta. Ke nan tana ɗauke da furotin ɗin nan? Ina da ciki wata takwas, hankalina ya tashi. Daga wata malamar makaranta a Tawa.

Amsa: Malama, Allah ya sauke ki lafiya, ki kuma kai jaririn a yi masa BCG da zarar an haife shi. Tana ɗauke da furotin ɗin, haka ma bakteriyar da za ta cika hanjinsa da bakinsa a makonsa na farko, ko an yi allura ko ba a yi ba. Ana yin BCG tun 1921, an yi wa mutane biliyoyi, ba a kuma same ta da laifin toshe jijiya ba. Zomayen da aka ambata a sama, an haɗa musu abin ne da wani mai na musamman da ke harzuƙa garkuwa da gangan, wanda ba a sa wa mutane. Abin da BCG ke karewa kuwa a gabanmu yake: tarin fuka da ke hawa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ko ya watsu a jikinsa. Idan akwai mai tari a gidan fiye da mako biyu, shi za a kai a duba majinarsa kafin jaririn ya iso.

Tambaya: Ɗiyata mai shekara tara ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, muka ba ta farasitamol ya wuce. Bayan kamar mako uku gwiwarta ta kumbura, da ta saɓe sai idon sawu ya ɗauka. An gwada sikila babu. Kakarta ta ce a cire mata beli. Daga wata uwa a Talaje, Yamai.

Amsa: Hajiya, kada a kai ta wurin wanzami, a kai ta asibiti cikin wannan mako. Beli ba shi da laifi, yanke shi kuma yana jawo zubar jini da tetanus. Abin da kika faɗa ya yi kama da zazzaɓin gaɓoɓi mai taɓa zuciya, wanda za ki ga an rubuta RAA a takardar likita. Duk cikin wasiƙun nan, wannan ne wurin da babu gardama cewa garkuwa tana rikita furotin ɗin bakteriya da naman jiki.

Bakteriyar ita ce istireptokok rukunin A. A saman jikinta akwai furotin M, wanda siffarsa ta yi kusa da ta wasu furotin na naman zuciya da ƙofofinta. Mako biyu zuwa uku bayan ciwon maƙogwaro, lokacin da antikor suka yi yawa, sai su juya kan gaɓoɓi da zuciya, wani lokaci da ƙwaƙwalwa. Yara ƴan shekara 5 zuwa 15 ya fi kamawa. Ciwon yana yawo daga babbar gaɓa zuwa wata, gwiwa, idon sawu, gwiwar hannu. Wasu yaran hannunsu da fuskarsu suna motsi ba da sonsu ba, rubutunsu ya lalace, a ce iskoki ne. Gaɓoɓi suna warkewa sarai. Ƙofofin zuciya ne ba sa mantawa: kowane dawowar ciwon yana ƙara musu tabo, har su tsuke ko su riƙa yoyo, abin ya fito fili a shekarun aure, sau da yawa lokacin juna biyu na farko. Ba jijiyoyi yake toshewa ba, amma ƙofar da ta tsuke tana tara gudan jini da ke iya tafiya ƙwaƙwalwa. A ƙiyasin 2019, wajen mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya.

A asibiti za a saurari zuciyarta, a yi gwajin jini na ASLO (sawun wannan bakteriya) da CRP (alamar kumburi), a ɗauki layin bugawar zuciya, sannan ekografi, wato hoton zuciya. Ki dage a kan ekografin ko da likita bai ji komai da abin saurare ba, domin yana ganin abin da kunne ba ya ji. ASLO mai yawa shi kaɗai ba ya nufin ciwon; yana nuna yaro ya gamu da bakteriyar ne kawai, kuma yara da yawa suna shan allurar da ba su bukata saboda wannan lamba. Sai an haɗa da alamu.

Idan ya tabbata, kariyar ita ce allurar benzatin penisilin a tsoka kowane mako huɗu, wasu kowane mako uku: yunit 600,000 ga yaron da bai kai kilo 30 ba, miliyan 1.2 ga wanda ya kai. Aƙalla shekara biyar idan zuciya ba ta taɓu ba, aƙalla goma idan ta taɓu, idan ƙofa ta lalace sosai har ta kai shekara 40 da haihuwa ko iyakar rai. A Yuganda an gwada ta ga yaran da ekografi ya nuna farkon ciwon: cikin shekara biyu, ƙasa da 1 cikin ɗari na masu allura ne ciwonsu ya ci gaba, a marasa allura 8 cikin ɗari. Allurar tana da kauri da zafi, shi ne ke sa yara gudu. Ana iya dama ta da lidokayin, maganin kashe zafi, a tura a hankali. Ta ci abinci ta sha ruwa kafin a yi, ku zauna minti 30 bayan an yi, kuma kada a taɓa sa ta a jijiya. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar kowace allura, domin jinkirin mako ɗaya ko biyu yana barin ta babu kariya.

Ga ƙannenta: zazzaɓi farat ɗaya, zafin haɗiya, farin ruwa a kan ƴaƴan wuya, kaluluwa mai zafi a ƙarƙashin muƙamuƙi, babu tari babu majina, wannan a kai CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa. Maganinsa allurar nan guda ɗaya, ko amoksisilin miligiram 50 ga kowane kilo a rana, kada ya wuce giram ɗaya, har kwana goma cif. Yaro yana warwarewa a kwana na uku, nan ake ajiye kwalbar, bakteriyar kuwa ba ta gama mutuwa ba. Ko an makara, fara magani cikin kwana tara da soma ciwon yana hana zazzaɓin gaɓoɓi. Mai tari da majina da dashewar murya kuwa mura ce, ba ta son antibiyotik.

Tambaya: Shekarata 52. Na yi gwajin jini an rubuta CRP 24. Na ji an ce alamar kumburin jijiya ce. Akwai gwajin da zai nuna ko garkuwata tana cin jijiyoyina? Daga wani ma'aikaci a Yantala, Yamai.

Amsa: Yallaɓai, 24 ba maganar jijiya ba ce. CRP furotin ne da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi ko'ina a jiki. Gwajin da aka saba yi a ɗakunan gwajinmu yana farawa ne daga miligiram 6 a lita, shi ya sa kake ganin 6, 12, 24, 48. Zazzaɓin cizon sauro, ƙurji, ruɓaɓɓen haƙori ko ciwon fitsari duk suna kai shi nan. A nemo dalilin, a yi magani, a sake aunawa bayan mako biyu ko uku. Wanda ake amfani da shi don zuciya wani ne mai ganin ƙananan lambobi: ƙasa da 1 haɗari kaɗan, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa, kuma sai mutum yana garau ake yinsa. Auna antikor na HSP aikin masu bincike ne. Ko an auna maka, babu maganin da zai canja.

Kuɗin gwajin ka kashe su a nan. Tansiyo: ka zauna minti biyar, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba shayi ba goro ba taba minti 30 kafin nan, a auna sau biyu, a maimaita wata rana. Idan yana kai 14/9, hawan jini ne ko ba ka jin ciwon kai. Sukari da safe bayan awa takwas ba ci: giram 1.26 a lita sau biyu ciwon sukari ne. Sai kolestarol, ka duba layin LDL ba jimillar ba. Wanda ya taɓa bugun zuciya ko toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ana so ya sauka ƙasa da giram 0.70, wasu ƙa'idojin ma 0.55, da wuya kuma a kai nan ba da istatin ba, maganin rage kolestarol, wanda shi ma yana rage CRP. Ƙara da kireyatinin don ƙoda. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin.

Wani abu da ya shafi shekarunka: kumburi mai zuwa farat ɗaya yana iya fasa tarin kitsen da ya daɗe a kwance. A Kanada an ga bugun zuciya ya ninka wajen sau shida a makon farko na mura mai tsanani da gwaji ya tabbatar, ciwon huhu ma yana yin haka. Don haka nauyin ƙirji ko numfashi sama sama bayan zazzaɓi, a lokacin hunturu musamman, ba abin jira ba ne. Idan kuma baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, a nufi asibitin da ke da sikana, na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, kai tsaye. Kada a ba da asfirin a gida: a binciken Gana da Najeriya da muka ambata, kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki jijiya ce ta fashe musu, asfirin kuwa ƙara zubar jinin yake yi.